Saita sashen sarrafa kaya a ERPNext ga masana'antar man gyaɗa

Tambaya: Muna da ƙaramar masana'antar matsar man gyaɗa a Kano, inji biyu, muna zubawa a jarka mai lita 25 da galan mai lita 5. Mun ɗora ERPNext, manhajar lissafin kaya da kuɗin kasuwanci, saye da sayarwa suna tafiya daidai. Da muka shiga ɓangaren sarrafa kaya sai lissafi ya rikice: kuɗin da take cewa jarka ta ci ya zarce kuɗin da muke sayar da ita, tana nuna akwai gyaɗa a ɗakin inji alhali ko ƙwaya babu, wani lokacin kuma ta ƙi karɓar man da muka samu. Ta ina za mu gyara, kuma yaya za mu sa ta tsara mana aikin mako?

Amsa: Malam, matsalolin nan uku da ka lissafa tushensu ɗaya ne. An yi ta shigar da aikin yau da kullum tun kafin a gaya wa manhajar da wane ma'auni ake awo, da kuma abin da ke fitowa idan an zuba tan ɗaya na gyaɗa a inji. Don haka gyaran zai faro ne daga sikeli, kuma akwai jerin da ya kamata a bi, domin wasu saitunan da zarar kaya sun shiga sito ta kansu, manhajar ba za ta bari a sauya su ba.

Fara da ma'auni. Kowane kaya a ERPNext yana da ma'aunin ajiya guda ɗaya, kuma bayan an yi shige da fice da shi ko sau ɗaya, ba ya canzuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa buhu a matsayin ma'aunin gyaɗa, saboda da buhu ake ciniki a Dawanau. Buhu kuwa ba shi da nauyi tsayayye; na wannan dillali daban, na wancan daban, na kaka mai sauran danshi daban da na bazara. Ka sa kilo ya zama ma'aunin ajiyar tsabar gyaɗa, na kek (ragowar gyaɗa bayan an matse mai), har da na man da ke tanki. Buhu ya tsaya a takardar saye kawai, a kuma gyara adadin kilon da ke cikinsa a kowace takardar karɓar kaya gwargwadon abin da sikelin ƙofa ya nuna. Man tanki ma a kilo za ka riƙe shi, domin lita tana ƙaruwa tana raguwa da zafi, kilo kuwa yana nan yadda yake. Litar man gyaɗa tana kai wajen giram 915, ke nan jarka mai lita 25 tana ɗauke da kilo 22.9. Idan kayan da ke cikin manhajarku yanzu da buhu aka buɗe su, kada ka ɓata lokaci kana neman dabara. Buɗe sababbi da kilo, ka kwashe abin da ya rage daga tsofaffin, ka rufe su.

A daidai lokacin buɗe sababbin kayan ne kuma za ka yanke shawarar lambar rukuni, wato lambar da ke bambanta kowane kashi na kaya da wani, domin ita ma ba ta kunnuwa bayan kaya sun fara motsi. Jarka da galan dole su sami lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi, tunda NAFDAC tana son ganinsu a jikin kaya. Ni ina ganin tsabar gyaɗa ma a ba ta, kowace mota rukuninta. Dalili shi ne gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da aka adana da danshi. Mafi yawanta a kek take zama, kek kuma kaji ake ba. Ranar da mai gonar kaji ya dawo da ƙorafi, lambar rukuni ce za ta nuna maka daga wace mota aka matse wannan kek ɗin da kuma wa ka sayar wa ragowarsa. Ka kuma sa a riƙa auna danshi kafin a karɓi kaya. Tsabar da ta wuce kashi 8 cikin ɗari ba ta ajiya ba ce.

Sai sito. Huɗu sun isa: na ɗanyen kaya, na ɗakin inji inda kayan da ake kan sarrafawa suke zama, na tanki, da na kayan da aka gama. Kek ya sami nasa idan a rumfa daban yake. A saitunan sito ka kashe izinin da ke barin kaya su sauka ƙasa da sifili. Masu aiki za su yi ƙorafi a makon farko, saboda manhajar za ta ƙi fitar da abin da ba a shigar ba, amma wannan ƙin shi ne ke tilasta a rubuta saye kafin a rubuta matsa. Kuɗin mota da na 'yan dako kuma kada a jefa su cikin kashe-kashen ofis. Akwai takarda ta musamman da ke ɗora su a kan farashin kayan da aka karɓa, a allo sunanta Landed Cost Voucher. Idan ba a yi haka ba, gyaɗar za ta fito da araha a lissafi, ribar da za ka gani kuma ta ƙarya ce.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato jadawalin haɗi, wanda manhajar ke kira BOM. Shi ne ke cewa ana zuba kaza a sami kaza. Kada ka kwafi adadin daga takardar da ta zo da inji, kada kuma ka karɓa daga bakin kowa. Ka auna da kanka: matsa biyar ko shida a ranaku daban-daban, kowace a auna tsabar da ta shiga, man da ya fito bayan tacewa, da kek ɗin da aka kwashe. Tsabar gyaɗa tana da mai kusan rabin nauyinta, amma injin matsa ba ya fitar da shi duka, wani yana maƙalewa a kek. Mu ƙaddara awonka ya nuna cewa kilo 1,000 na tsaba yana ba da kilo 380 na mai da kilo 570 na kek, kilo 50 kuma ya tafi a tururi da tsakuwa da lakar tacewa. To jadawalin zai zama haka: abin da ake samarwa man tanki kilo 380, ɗanyen kaya tsaba kilo 1,000, sannan kek kilo 570 a teburin da aka ware wa ragowar kaya, tare da farashinsa na kilo.

Wannan farashin kek ɗin shi ne amsar matsalarka ta farko. Lokacin da aka kammala sarrafawa, manhajar tana tara kuɗin ɗanyen kaya, ta cire darajar ragowar kaya, ta ƙara kuɗin aiki, ta raba a kan abin da aka samar. Mu ɗauki farashi na misali, kai ka sa naka na yau. Tsaba kilo ɗaya naira 1,500, tan ɗaya ya kama 1,500,000. Kuɗin aiki 90,000. Idan ba a shigar da kek ba, ko an shigar an bar farashinsa sifili, za a raba 1,590,000 a kan kilo 380, kowane kilo ya tashi a naira 4,184. Idan an sa kek a naira 600, darajarsa 342,000 ke nan, saura 1,248,000, kilon mai ya dawo 3,284. Bambancin naira 900 ne a kilo, sama da naira 20,000 a jarka ɗaya. Ga inda hasarar da kake gani ta fito. A ɗaya ɓangaren kuma kek ɗin da ya shiga sito ba tare da daraja ba, duk ranar da aka sayar da shi sai ya fito kamar riba ce tsantsa. Jimillar ƙarshen wata na iya yin daidai, amma ba za ka san wanne ne ke ciyar da masana'antar ba, mai ko kek, kuma da wannan sanin ake yanke farashi. Wane farashi za a sa wa kek? Wanda ake sayar da shi a ƙofar masana'anta, a cire kuɗin buhu da ɗinki da lodi. A riƙa sabunta shi duk lokacin da kasuwa ta motsa sosai.

Akwai gurbi a jadawalin na kason hasarar sarrafawa. Mutane suna ganinsa su rubuta 5, suna nufin kilo 50 ɗin nan da ya ɓace. Kada ka yi. Wannan kason daga abin da ake samarwa ake cire shi, ba daga ɗanyen kaya ba, kilo 50 ɗin kuwa ya riga ya shiga lissafi tunda ka ce 1,000 yana ba da 380 da 570. Idan ka ƙara 5, ka rage mai kilo 19 a kan banza.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata lissafi shi ne sinadarin bitamin A. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara shi a man girki a Najeriya, a ma'aunin IU 20,000 ga kowane kilo (IU shi ne ma'aunin ƙarfin bitamin). Idan sinadarin da kuke saye mai ƙarfin IU miliyan ɗaya ne a giram, tan ɗaya na mai yana bukatar giram 20, kilo 380 kuma giram 7.6. In ka riƙe shi a kilo, adadin zai zama 0.0076, manhajar kuwa da lamba uku bayan ɗigo take zuwa, sai ta mayar da shi 0.008. A matsa ɗaya ba komai ba ne, a wata shida sai ka ga sito da allo sun raba hanya. Riƙe shi a giram.

Jadawali na biyu na zubawa ne: jarka ɗaya tana cin man tanki kilo 22.9, jarka fanko ɗaya, murfi ɗaya, takardar manni ɗaya. Galan ma nasa daban. A nan akwai tarko. Umarnin aiki, wanda a allo aka rubuta Work Order, yana zuwa da alamar amfani da jadawali mai hawa-hawa a kunne. Ma'anarta, idan ka ba da umarnin zuba jarka 50, manhajar za ta tsallake tanki ta gangara har kan tsabar gyaɗa ta ce ita za a fitar daga sito. Sakamakon haka gyaɗa ta ragu sau biyu, man tanki kuma ya yi ta taruwa a allo ba ya raguwa. A umarnin zubawa ka cire wannan alamar, ko kuma tun a jadawalin jarka ka sa wa layin man tanki alamar kada a warware shi, wadda ta fi aminci tunda ba ta dogara da tunawar ma'aikaci ba.

Ka sani kuma jadawalin da aka tabbatar ba ya gyaruwa. Idan awo ya canza, kamar yadda yake canzawa tsakanin sabuwar gyaɗa da wadda ta kwana wata shida a sito, sabo ake yi a mayar da shi na asali. Ba laifi ba ne a ajiye biyu, na kaka da na bazara.

Matsalarka ta biyu, gyaɗar da allo ke gani a ɗakin inji, ga yadda take faruwa. An ba da umarnin kilo 380, an kai tsaba kilo 1,000 ɗakin inji, amma ranar gyaɗar ba ta da kyau, mai kilo 350 aka samu. Ma'aikaci ya rubuta 350. Manhajar ta lissafa cewa 350 yana cin tsaba kilo 921 ne kawai, sai ta bar kilo 79 a ɗakin inji tana jiran a matse shi. A zahiri an riga an matse shi tun da rana. Kullum haka, a wata guda sai ka ga tan biyu na gyaɗar da babu ita, farashin man kuma ya fito ƙasa da gaskiya a daidai ranakun da ya fi tsada. A saitunan sarrafawa akwai zaɓi biyu na yadda ake cire ɗanyen kaya: bisa jadawali, ko bisa abin da aka kai ɗakin inji. Zaɓi na biyu, domin shi ne ke kama ranar da aka kai 1,040 maimakon 1,000. Amma shi kaɗai ba ya maganin ranar da mai ya gaza, saboda shi ma rabawa yake yi gwargwadon abin da aka ce an samar. Maganin yana a takardar kammalawa: a bar adadin umarnin a 380, a rubuta kilo 30 a gurbin hasarar sarrafawa na wannan takardar, mai ya shiga 350, tsaba ta fita 1,000 cif. Kek ma a gyara layinsa zuwa abin da aka auna, kada a bar 570 na jadawali. Dokar da za ka kafa wa mai shigar da bayanai ita ce, ba ya danna tabbatarwa sai layin tsaba ya yi daidai da takardar sikeli. Wanda ya riga ya taru a baya kuma, a ƙirga ɗakin inji a daidaita shi sau ɗaya da takardar daidaita sito.

Matsala ta uku, ƙin karɓar man da kuka samu, mai sauƙi ce. Manhajar ba ta yarda a samar da fiye da abin da umarni ya ce sai an ba ta izini. Ranar da gyaɗa ta yi kyau aka sami kilo 400, ya wuce 380 da kashi 5 da ɗoriya, sai ta ƙi. A saitunan sarrafawa ka sa kason rarar da aka yarda da shi ya zama 10.

Sai injina. Kowane inji a buɗe shi a matsayin wurin aiki, da kuɗin da yake ci a awa: wuta, lada, haya, da kayan da ke cinyewa kamar ƙyallen tacewa da haƙoran matsa. Kuɗin wuta shi ne mai wuyar sha'ani a wurinmu, tunda awa ɗaya a wutar layi da awa ɗaya a janareto ba kuɗinsu ɗaya ba. Janareton dizal yana shan wajen lita 0.3 a kowane kilowat na awa guda, ke nan layin da ke jan kilowat 40 zai sha kusan lita 12 a awa. Duba littafin watan jiya, awa nawa aka yi a janareto, nawa a wutar layi, ka fitar da matsakaici, shi za ka sa. Duk ƙarshen wata ka gwada abin da manhajar ta ɗora wa kaya da abin da aka biya a zahiri. Idan tazarar ta yi faɗi, a gyara kuɗin awar.

Lokacin aiki ma da agogo za a auna shi. Injin da aka rubuta masa tan 5 a yini, awa 24 ake nufi, wato kilo 208 a awa, tan ɗaya ya ci minti 288. Tsohon inji da haƙoransa suka cinye ba zai kai haka ba. Ka cika sa'o'in aikin kowane inji, ka cire lokacin sallar Juma'a da na gyara, ka haɗa shi da jerin ranakun hutu mai ɗauke da Sallah ƙarama da babba. Idan aka bar teburin sa'o'in fanko, manhajar tana ɗauka injin dare da rana yake aiki, sai ta yi maka alƙawarin ranar da ba za ka iya cikawa ba. Idan kuma ta ce ta kasa samun gurbi cikin kwana 30, yawanci tsofaffin katunan aiki ne da ba a rufe ba, wato takardun da manhajar ke buɗe wa kowane aiki a inji, suka cinye lokacin injin.

Bayan duk wannan ya zauna ne tsarin mako zai yi ma'ana. A takardar da ake kira Production Plan, za ka jawo odar kwastomomi da ba a kai ba, ka jawo kayan tsakiya, wato man tanki, sannan ka jawo ɗanyen kayan da za a saya. Misali odar mako jarka 200 ce. Tana bukatar mai kilo 4,580. A tanki akwai 1,200, saura 3,380, wanda zai ci tsaba kilo 8,895, aikin awa 43 a inji ɗaya, kusan kwana uku idan ana awa 16 a yini, ko kwana ɗaya da rabi a inji biyu. Sai dai manhajar ba za ta cire 1,200 ɗin ba sai ka kunna alamar tsallake kayan tsakiya da ke akwai, ka kuma nuna mata siton tanki. In ba haka ba za ta nemi tsaba kilo 12,053, ƙarin tan uku da wani abu da ba ka bukata. Daga wannan takardar ake fitar da umarnin aiki da takardun neman saye kai tsaye.

Adadin da take dogara da shi wajen cewa a sayi kaza ba abin da ke sito kaɗai ba ne. Tana haɗa abin da ke sito da abin da aka yi oda bai iso ba da abin da aka nema, ta cire abin da aka riga aka ware wa wasu ayyuka. Saboda haka odar saye ta wata uku da suka wuce, wadda dillali ya kawo rabi aka manta da sauran, har yau tana nan a matsayin gyaɗar da ke kan hanya, kuma za ta hana manhajar neman sabuwa. Kafin tsarin kowane mako, a rufe duk odar saye da ta sayarwa da umarnin aikin da aka san ba za su cika ba. Wannan sharar ta minti goma ce, amma rashinta ne ke sa inji ya tsaya ranar Laraba babu tsaba.

Ga jarka fanko da murfi da takardar manni, ka sa wa kowanne kwanakin da yake ɗauka kafin ya iso, da mafi ƙarancin adadin da mai sayarwa ke yarda ya kawo, da matakin da idan ya sauka a nemi sabo. Tsaba kuwa ba haka ake sayenta ba. Shawarar tara gyaɗa a Oktoba da Nuwamba lokacin da take da araha ta mai masana'anta ce da aljihunsa. Abin da manhajar za ta ba ka shi ne tan nawa kuke matsewa a wata, da nawa ya rage, ka raba ka ga zuwa wane wata zai kai ku. Ka tuna gyaɗar ajiya tana rage nauyi idan hunturu ya busar da ita, don haka a riƙa auna samfurin buhuna duk wata ana daidaitawa. Tsarin kuma ba zai tuna maka da kek ba: tsaba kilo 8,895 za ta bar kek sama da tan biyar, buhu ɗari da ɗaya mai kilo 50, wanda yake son buhuna da wurin ajiya da mai saye a cikin makon.

A shigar da aikin kowace rana a ranar. Takardar da aka shigar da kwanan baya tana sa manhajar ta sake lissafa darajar duk abin da ya biyo bayanta, kuma farashin da ka gani jiya ya canza yau. Kafin ka saki sabon saitin ga ma'aikata, gwada shi a kwafin manhajar da matsa ɗaya ta gaske, daga karɓar mota har zuwa jarka a siton kayan da aka gama, sannan ka duba abu uku: ɗakin inji ya koma sifili, tankin allo ya yi daidai da sandar awon tanki, kuma farashin kilon mai ya yi kusa da wanda ka lissafa da biro a takarda. Idan ɗaya ya kauce, koma layin tsaba da layin kek a takardar kammalawa.